Lissafin Zakkar Hatsi: Auna Kafin Ka Fitar

Bismillahir Rahmanir Rahim. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya kai ɗalibi, kaka ta yi a Unguwar Hajji da kewaye. Sau da yawa za ka ji manomi ya ce, "Ai dami goma, dami ɗaya ne." Wani sa'in ya dace, wani sa'in kuwa ya tauye haƙƙin miskini, ko ya ɗora wa kansa abin da shari'a ba ta ɗora masa ba. Maganin wannan shi ne tambayoyi uku da ɗan lissafi.

Tambaya ta farko: ya kai nisabi? Nisabin hatsi wasƙi 5 ne, kowane wasƙi sa'i 60, kowane sa'i mudun Nabi 4. Ka ga sa'i 300 ke nan, wato mudun Nabi 1,200. Da tsaba ake aunawa bayan an sussuke, domin dami wani ya fi wani, haka ma buhu. Saboda haka ka fara auna buhunku. A ce ya ci sa'i 50, to 300 a raba gida 50, nisabinku buhu 6 ne.

Tambaya ta biyu: iri ɗaya ne? A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ka karanta a Risala, gero daban, dawa daban, shinkafa daban, ba a haɗa su don a cika nisabi. Wanda ya sami gero buhu 4 da dawa buhu 4, ido zai ce masa 8 ta wuce 6. Amma babu ɗayansu da ya kai, don haka zakka ba ta hau kansa ba, sai dai ya yi sadaka don neman lada.

Tambaya ta uku: da wane ruwa ya nuna? An kammala madatsar ruwa ta Challawa a ƙasar Ƙaraye a 1992, ga kuma injin ban ruwa ya yawaita a fadamu. Abin da ruwan sama ya shayar, ko ruwa mai gangarowa da kansa, ushiri ake fitarwa, ɗaya cikin goma. Abin da aka shayar da inji ko jigo, rabin ushiri ne, ɗaya cikin ashirin. Dawar damina buhu 40, zakkarta buhu 4. Shinkafar rani buhu 40 da inji ya shayar, buhu 2. In rabin shayarwar na sama ne rabi na inji fa? Raba 40 gida biyu: 20 na farko su ba da 2, na biyu su ba da 1, jimla buhu 3.

Ka lura kuma, bashin da ke kan manomi, ko da na taki ne, ba ya kayar da zakkar hatsi a mazhabarmu.

Kada ka ɗauka lissafi kayan boko ne kaɗai. Malam Muhammadu Alkashinawi, mutumin Katsina wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da ilmin hisabi ya shahara. To, bana ka ɗauki mudu da alƙalami ka taya mahaifinka awo. Inda ya shige muku duhu, ku je wurin malam da adadin a rubuce.

Allah Ya sa albarka a rumbunanmu, amin. Allah ne Mafi sani.