Tauraron da Ke Auna Zafin Gajimare



Yanzu haka da nake magana, akwai wani tauraron ɗan adam mai suna Meteosat a saman mashigin tekun Gini, nisan kusan kilomita 36,000 daga ƙasa. Turawa ne suka harba na farko a 1977. Tafiyarsa daidai take da juyawar duniya, saboda haka kullum idonsa a kan Afirka yake. Da dare ma yana gani, domin zafin da abubuwa ke fitarwa yake aunawa.

Da wannan awon ne ake gane ƙarfin mahaukaciyar guguwar teku. Wani masani Ba'amurke, Vernon Dvorak, shi ya tsara dabarar a shekarun 1970. Guguwar da ta ƙasaita tana da ido a tsakiyarta, wuri mai ɗumi, gajimare masu tsayi sun kewaye shi. Gajimare kuwa, iya tsayinsa iya sanyinsa. Ƙololuwar wani takan yi sanyin digiri 70 ƙasa da sifili. Idan idon ya ƙara ɗumi, gajimaren kewayensa suka ƙara sanyi, to guguwa ta ƙara ƙarfi ke nan. Amurka kan tura jirage cikin guguwa su auna, amma a tekun Indiya tauraro ne madogara. Da shi aka bi sawun guguwar Idai, wadda ta afka wa birnin Beira na Mozambik a Maris 2019, ta hallaka mutum sama da 1,000 a yankin.

Wani zai ce, mu a Abijan ina ruwanmu? Gaskiya ne irin wannan guguwa ba ta zuwa mana. Muna kusa da layin da ya raba duniya biyu, inda juyawar duniya ba ta iya murɗa iska ta zama guguwa. Amma fa a sararinmu ake haihuwarta. Hadarin da ke tasowa daga gabas da damina, ya ratsa Sahel ya faɗa tekun Atlantika, idan ya tarar da ruwa mai ɗumin digiri 26 zuwa 27, nan yake samun abinci. Haka guguwar Irma ta faro a 2017, kafin ta yi ɓarna a tsibiran Karebiyan da jihar Florida.

Namu rabon shi ne ruwa da zafi. A watan Yunin 2018 ruwan dare ɗaya ya ci rayukan mutum aƙalla 18 a Abijan. A farkon 2024 kuma, lokacin gasar cin kofin Afirka, zafi da gumi sun kai ana dakatar da wasa don 'yan ƙwallo su sha ruwa. To ina ga ɗan dako a tashar unguwar Adjamé, ko mai suyar kifi a rumfar sayar da abinci da tsakar rana?

Na'urar da za ta gargaɗe mu dai akwai ta. Meteosat ɗin da aka harba a Disambar 2022 yana ɗaukar hoto duk minti 10, har walƙiya yake ganowa. Muna da hukumar hasashen yanayi ta SODEXAM a nan Kwaddebuwa, akwai kuma cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD a Yamai. Abin da ke damuna shi ne, gargaɗi yakan fito da Faransanci, alhali da yawa daga cikin masu shanya kaya a bakin titi Hausa da Jula suke ji.

Shugabannin kasuwa da limamanmu, don Allah ku nemi a riƙa aiko muku da hasashen yanayi, ku isar wa jama'a da harshen da suke ji kafin ruwan Yuni ya sauko.