Rawar Inji a Silo: Yadda Ake Gano Sababinta a Tsohuwar Mota

A shekarar 1975 masana'antar Peugeot ta Kaduna ta fara harhaɗa motoci, samfurin 504 kuwa ya zama abin hawan ma'aikata da 'yan kasuwa da direbobin haya. Ita wannan mota da sa'o'inta masu kafireta, in suka tsufa, suna da wata cuta sananniya. Idan aka tsaya aka ɗage ƙafa daga totur, wato ana silo, sai inji ya riƙa rawa, wani lokaci har ya mutu a tsakiyar mararraba. Sau da yawa mai mota yakan ƙarar da kuɗinsa wajen sauya kayan da lafiyarsu lau, don ba a bi bincike daki-daki ba.

Kowace silinda tana bukatar abu uku: garwayen iska da fetur daidai gwargwado, da tartsatsin wuta a kan kari, da isasshen matsi. A silo inji yana juyawa kimanin sau 800 zuwa 900 kacal a minti, saboda haka ko silinda guda ce ta yi fashi, sai an ji.

Abu na farko shi ne a tantance ko silinda ɗaya ce ke da laifi ko kuwa duka. Akan bari inji ya yi zafi, a sarari, domin hayaƙin salansa yana kisa a rufaffen ɗaki. Sa'an nan a riƙa zare wayar fulogi ɗaya bayan ɗaya da filaya mai hannun roba. In rawar ta ƙaru, wannan silinda tana aiki. In ba abin da ya sauya, to, nan cutar take. Fulogin kansa shaida ne: baƙin toka alamar fetur ya yi yawa, fari fat alamar ya yi kaɗan, danshin baƙin mai kuwa alamar mai yana tsallakowa inda wuta ke ci.

Idan dukan silindodi ne, sai a duba kwantak, wanda tazararsa takan zama kimanin milimita 0.4, da kuma saitin lokacin wuta. Daga nan a koma ga kafireta. Inji yana son kimanin kashi 15 na iska ga kashi 1 na fetur a nauyi. Ƙurar hunturu takan toshe matatar iska, datti ya toshe ɗan ramin da fetur na silo ke bi. Haka kuma, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: tsagaggen tiyo ko gasket da ya mutu yakan bar iska ta sato hanya, garwayen ya tsinke.

Na ƙarshe shi ne awon matsi. Bambancin da ya zarce kashi 10 cikin 100 tsakanin silindodi abin dubawa ne. Akan ɗiga baƙin mai kaɗan cikin silinda mai rauni a sake awo. In matsi ya tashi, zobban fistin ne suka cinye; in bai tashi ba, galibi bawul ne. Silinda biyu maƙwabta da suka yi rauni tare suna nuni ga gasket na kan inji.

Sai bayan duk wannan ya kamata a taɓa sukurun silo. Wanda ya fara da murɗa shi ya rufe alama ne kawai, fetur yana ƙonewa a banza, cutar kuwa tana nan tana ci.