Zaɓen Muhallin Rubuta Umarnin Kwamfuta da Gano Kurakuransa: Jagora ga Manazarcin Harshe a Ƙasar Zuru

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayani a kan muhallan da ake rubuta umarnin kwamfuta da gano kurakuransa, ta fuskar manazarcin harshe mai aikin fili a Danko da kewayenta. Ta fito da kurakuran da suka keɓanta da rubutun Hausa, sannan ta auna fitattun muhallai da ma'aunai uku: bayyana ainihin harafi, aiki ba tare da intanet ba, da bin umarni daki-daki. Maƙalar ta nuna cewa waɗannan ma'aunai sun fi shaharar manhaja muhimmanci ga wanda amanar bayanan harshe ke hannunsa.

1.0 Gabatarwa

Nazarin Hausa ya kai matsayin da manazarci kan tara matanin da ido ba zai iya ƙirge kalmominsa ba. Ayyuka irin su NaijaSenti na shekarar 2022, wanda ya tattara saƙonnin Twitter na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka, da yunƙurin ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP, sun sa ɗalibai da malamai da dama sun fara koyon harsunan umarni irin su Python da R. Tambayar da kan fara tare wa mai koyo hanya ita ce: a wace manhaja zai rubuta umarnin? Akasari yakan ɗauki wadda ya ji an fi ambata. Sai dai kuskuren zaɓe a nan yana iya lalata ƙididdigar kundin digiri gaba ɗaya, mai kundin bai sani ba.

2.0 Ma'anar Muhallin Rubuta Umarni

Muhallin rubuta umarni tamkar maƙera ce: akwai uwar maƙera da masaba da awartaki a wuri guda, kowane da aikinsa. Sassansa na asali uku ne. Na farko shi ne edita, inda ake rubuta umarni. Na biyu shi ne mai aiwatarwa, wanda ke karanta umarnin ya zartar da shi. Na uku shi ne magano-kuskure, wanda ke ba da damar tsayar da aiki a kan kowane layi domin a duba abin da kwamfuta ke riƙe da shi a daidai wannan lokaci.

Kurakurai kuma iri biyu ne. Akwai mai tsayar da aiki, wanda kwamfuta kan sanar da shi tare da lambar layin da ya auku. Akwai kuma na ɓoye, wanda aiki kan kammala lami lafiya amma sakamakon ya fito gurɓatacce. Na biyun ne ya fi yi wa nazarin harshe illa, domin jadawalin da ya fito yakan yi kama da na gaskiya.

3.0 Kurakuran da Suka Keɓanta da Rubutun Hausa

3.1 Haruffa Masu Ƙugiya

A tsarin Unicode kowane harafi yana da lambarsa: ɓ tana da U+0253, ɗ tana da U+0257, ƙ kuma U+0199. Idan aka adana su da tsarin UTF-8, kowanne yakan ɗauki bayit biyu. Tsohon tsarin Windows-1252 ba shi da waɗannan haruffa, kuma a sigogin Python 3 da suka fi yawa a hannun mutane, shi ne tsarin da ake buɗe fayil da shi a kan Windows ta Turanci muddin ba a ambaci UTF-8 ƙarara ba. A nan sai ƙ ta rikiɗe ta koma Æ™, aiki kuma ya ci gaba. Harafin Ɓ babba ne kan tona asirin matsalar, domin bayit ɗinsa na biyu ba shi da gurbi a tsohon tsarin, don haka Python kan tsaya. Ke nan matanin da babu Ɓ babba a cikinsa yana iya wucewa a gurɓace. Wanda kuma ya share baƙin alamomin ko ya maye gurbinsu da haruffa marasa ƙugiya ya haɗe ƙafa da kafa, ɓari da bari, ɗaka da daka.

3.2 Gadon Tsofaffin Haruffa

Kafin Unicode ya yaɗu, an yi amfani da haruffa na musamman irin su Rabi'at da Abdalla, waɗanda Farfesa Abdalla Uba Adamu ya samar, kuma sun yi wa rubutun Hausa hidima ƙwarai. A kundaye da yawa da aka buga da irin wannan dabara, abin da ido ke gani a matsayin ƙ, ɗ, ɓ, a cikin fayil q, x, v ne. Da zarar an kwafe matanin zuwa edita sai a ga qasa da xaya da vata. Mayar da su abu ne mai sauƙi, amma umarnin da ya canza kowace v zuwa ɓ zai ɓata sunayen marubuta da kalmomin Turanci da ke cikin kundin.

3.3 Alamar Hamza da 'y

A Nijeriya ana rubuta 'ya'ya, a Nijar kuma ƴaƴa. Alamar da ke gaban y tana iya kasancewa ɗaya daga cikin uku masu kama da juna a ido: U+0027 ko U+2019 ko U+02BC. Ƙa'idar tsinto kalma da aka saba amfani da ita a Python tana ɗaukar ta ukun a matsayin harafi, biyun farko kuma a matsayin alamar rubutu. Saboda haka 'ya'ya kan tsage ta koma ya sau biyu, ta kumbura adadin wakilin suna ya. Haka ma'ana da sana'a da jama'a kan rabe gida biyu.

3.4 Karin Sauti, Tsayin Wasali da Jeri

Wasali mai alamar karin sauti na ƙasa, kamar à, ana iya adana shi a matsayin harafi guda ko a matsayin a da alama a haɗe. A fuskar kwamfuta iri ɗaya ne, a wurin kwatantawa kuwa daban suke. Daidaita matani zuwa siga guda, wato NFC, yana rage matsalar, amma bai kawar da ita ba, domin a mai ɗauke da alamar tsayi da ta karin sauti a lokaci guda ba ta da harafi guda a Unicode. Haka kuma jerin da Python kan yi bisa lambobin haruffa yakan tura ƙ da ɓ da ɗ bayan z, saɓanin jerin abacadan Hausa inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, ƙ ke bin k.

4.0 Yanayin Aiki a Danko

Danko na cikin Ƙaramar Hukumar Danko-Wasagu, mai hedikwata a Ribah, a Masarautar Zuru ta Jihar Kebbi. Yanki ne mai harsuna da dama, inda C'Lela, harshen Dakarkari, da maƙwabtansa irin su U̱t-Ma'in na ƙasar Fakai ke cuɗanya da Hausa a kasuwa da makaranta da wuraren ibada. Mai nazarin aron kalmomi ko sauya harshe a tsakiyar zance zai sami harsuna biyu ko uku a jimla ɗaya. Sunan U̱t-Ma'in kansa ya ƙunshi wasali mai layi a ƙasa da alamar hamza, wato matsalolin 3.3 da 3.4 a kalma guda.

Bayan wannan akwai ƙarancin wutar lantarki da raunin intanet. Katse layukan sadarwa da aka yi a Jihar Zamfara mai maƙwabtaka a watan Satumba na 2021 ya isa darasi ga mai dogaro da muhallin da ba ya aiki sai da intanet. Sannan yankin ya sha fama da hare-haren 'yan bindiga, don haka muryoyi da sunayen waɗanda aka yi hira da su amana ce mai nauyi. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya ta 2023 ta ƙara wa wannan amana ƙarfin shari'a.

5.0 Fitattun Muhallai a kan Ma'auni

IDLE yana zuwa tare da Python, ba shi da nauyi kuma ba ya buƙatar intanet, sai dai kayan aikinsa taƙaitattu ne.

Thonny, wanda Aivar Annamaa ya samar a Jami'ar Tartu ta ƙasar Estoniya domin masu koyo, yana zuwa da Python a cikinsa, kuma yana tafiya a kan kwamfuta mai ƙaramin ƙarfi. Magano-kuskurensa yana nuna yadda kowane yanki na umarni ke sauya ƙima, har mai koyo ya ga daidai inda 'ya'ya ta tsage.

Visual Studio Code na kamfanin Microsoft, wanda ya fito a 2015, yana nuna tsarin adana fayil a ƙasan fuskarsa, yana kuma ba da damar sake buɗe fayil da wani tsarin. Tun ƙarshen 2021 yana haskaka haruffan ɓoye da masu kama da juna. Ya fi Thonny cin ƙwaƙwalwar kwamfuta, kuma sai an sauke ƙarin kayan Python da intanet kafin a tafi fili.

PyCharm na kamfanin JetBrains yana da magano-kuskure mai ƙarfi da ya dace da babban aiki, amma yana wahalar da tsohuwar kwamfuta, yana kuma saurin cinye batir.

Jupyter yana haɗa bayani da umarni da jadawali a shafi guda, abin da ya sa ya dace da koyarwa da gabatar da sakamako. Illarsa ita ce ana iya aiwatar da sassan umarni ba bisa jeri ba, sai a sami sakamakon da ba zai maimaitu ba. Maganin wannan shi ne sake aiwatar da shafin daga farko zuwa ƙarshe kafin a ɗauki kowane adadi. Google Colab yana da wannan siga, amma ba ya aiki sai da intanet, kuma amfani da shi yana nufin ɗora bayanai a kan na'urorin wani kamfani a waje. Ƙari a kan haka, umarnin da ya yi aiki a can yana iya gurɓata matani a kan Windows, domin Colab na buɗe fayil da UTF-8 kai tsaye.

RStudio ya dace da mai aikin ƙididdiga, da sharaɗin ya yi amfani da R siga ta 4.2 ta shekarar 2022 ko wadda ta biyo bayanta, domin daga nan ne R ta rungumi UTF-8 a kan Windows ta zamani.

6.0 Gwajin da Ya Kamata a Yi Kafin Zaɓe

Manazarci ya rubuta ƙaramin fayil mai ɗauke da Ɓauna, ɗaki, Ƙasa, ƴaƴa, 'ya'ya da alamomin nan uku, kalma mai alamar tsayi da karin sauti, da sunan U̱t-Ma'in. Ya kashe intanet, ya umarci muhallin ya karanta fayil ɗin, ya ƙirga kalmomi, ya jera su, ya adana, ya sake buɗewa. Tun da ya san amsar da hannu, duk saɓanin da ya gani na muhallin ne ko na umarninsa. Ya kuma tsayar da aiki a tsakiya ya nemi lambar kowane harafi. Idan harafi ya fito a matsayin akwati, wataƙila laifin siffar rubutun edita ne, sai a gwada wadda ta ƙunshi haruffan Hausa. Allon rubutu na Keyman yana taimakawa wajen shigar da alama iri ɗaya a kowane lokaci. A kowane hali, kada a taɓa ainihin fayilolin da aka fitar daga ELAN ko FLEx. A yi aiki a kan kwafi, a kuma adana tarihin sauye-sauye da Git, wanda ke aiki ba tare da intanet ba.

7.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa mafi yawan haɗarin da ke fuskantar matanin Hausa a cikin kwamfuta na ɓoye ne, kuma muhalli nagari shi ne wanda ke fito da shi fili. Ga mai fara koyo da ke aiki a Danko, Thonny ya wadatar. Idan aiki ya faɗaɗa, Visual Studio Code da aka shirya tun kafin tafiya fili ya fi dacewa, a bar Jupyter domin gabatar da sakamako, Colab kuma domin matanin da ba ya ɗauke da sirrin kowa. Yana da kyau sassan Hausa na jami'o'inmu su amince da fayil ɗin gwaji guda, su kuma buƙaci duk ɗalibin da ya kawo ƙididdigar kwamfuta ya bayyana muhallin da ya yi aiki da shi, da sigarsa, da tsarin da ya adana mataninsa.