Kuɗin jami'a: wa ke riƙe da littafin lissafi?

Duk mai sayar da hatsi a kasuwar Maradi ta san cewa yaron da ke auna tiya ba ya ƙirga ciniki shi kaɗai da marece. Wannan ƙa'ida muke so mu duba a jami'o'in gomnati, tunda da lanho da patantin da muke biya ake tafiyar da su, kuma ƴaƴanmu ne a ciki.

Tun 1971 aka aza harsashin jami'ar Yamai, wadda ta ɗauki sunan Abdu Mumuni a 1992. A 2010 aka kafa na Maradi, Damagaram da Tawa, a 2014 aka ƙara na Agadas, Difa, Doso da Tilaberi. Guda ta zama takwas, hannuwan da ke taɓa kuɗi suka ƙaru.

A takarda, tsarin yana da kyau. Shugaban jami'a shi ke ba da umurnin kashe kuɗi, amma ba shi ke buɗe asusu ba. Ma'aji ne ke biya, kuma yana da ikon ƙin biya in takardu ba su cika ba. Babbar kwangila, kamar ta gini ko ta sayen kujeru, sai an yi shela ƴan kasuwa sun yi takara. Tsarin mulkin 2010 kuma ya tanadi kotun binciken lissafi domin ta bi diddigi daga baya.

Inda gizo ke saƙa shi ne lokacin da aka tsallake waɗannan matakai: a datsa kwangila ƙanana don gudun shela, ko a sa hannu an karɓi kayan da ba a ƙirga ba. Nan ne ɗan kasuwa mai gaskiya ke rasa ciniki, ɗalibi kuma ya rasa wurin zama a aji.

A 2018 da 2019, ƙungiyar malaman jami'a SNECS ta yi ta yajin aiki don a bar ma'aikata da ɗalibai su ci gaba da zaɓen shugabanninsu. Gomnati ta ce wanda ke zuba kuɗi shi ya kamata ya naɗa, kuma majalisar dokoki ta amince da haka a 2019. To amma ko zaɓaɓɓe ko naɗaɗɗe, tambayarmu guda ce: wa zai buɗe littafinsa?

Maganar ba ta wasa ba ce. Ran 9 ga Fabrairun 1990, ɗalibai 3 sun rasa rayukansu a gadar Kenedi ta Yamai, cikin zanga-zangar ƙin tsuke kuɗin ilimi.

Abin da muke nema ba shi da tsada. Kowace shekara a liƙa a ƙofar jami'a abin da ya shigo, abin da ya fita da sunan wanda ya ci kowace kwangila. Mu iyaye kuma, duk dalar da muka biya ta rajista, mu karɓi rasi mai hatimi mu adana.