Kada mu yar da gwangwani

Gwangwanin madara da na tumatir da muke watsarwa bayan gida, in ruwan sama ya kwanta cikinsu, nan sauro ke yin ƙwai, ya kawo mana masassara. Alhali kuwa suna da amfani.

Mu wanke manyan, mu huda gindinsu da ƙusa don ruwa ya riƙa fita. Mu zuba ƙasa kashi 2, ruɓaɓɓen taki kashi 1. A watan Yuni mu shuka irin zogale, mu riƙa ban ruwa safe da marece. Kafin 3 ga Agusta, ranar dashen itatuwa, ya isa dashe.

Amma gwangwanin maganin ƙwari, ko an wanke shi, kada mu zuba abinci ko ruwan sha ciki. Gubarsa tana kashe mutum.