His House

His House fim ne na ban tsoro na ƙasar Birtaniya wanda ya fito a shekarar 2020. Remi Weekes ne ya rubuta shi kuma ya ba da umarni, shi ne dogon fim ɗinsa na farko. An fara haska shi a bikin fina-finai na Sundance a Amurka a watan Janairun 2020, sannan Netflix ya sake shi ranar 30 ga Oktoba na shekarar. Manyan jaruman fim ɗin su ne Sope Dirisu da Wunmi Mosaku, wadda aka haifa a Zariya a 1986 ta girma a Manchester, sai Matt Smith a matsayin jami'in da ke kula da su.

Labari

Bol da matarsa Rial 'yan gudun hijira ne da suka tsere wa yaƙi a Sudan ta Kudu. A wajen tsallaka teku yarinyar da ke tare da su, Nyagak, ta nutse. Da suka isa Ingila aka ba su wani tsohon gida da fam 74 a mako, bisa sharaɗin ba za su yi aiki ba kuma ba za su tashi daga gidan ba. Ba su daɗe ba suka fara jin motsi da muryoyi a cikin bango. Rial ta ce "apeth" ne ya biyo su yana neman bashinsa. Kalmar ta harshen Dinka ce, kuma "maye" ce mafi kusa da ita a Hausa, ko da yake na fim ɗin ba kurwa yake kamawa don kwaɗayi ba, hakki yake bi.

Karɓuwa wurin masu sharhi

Fim ɗin ya samu kashi 100 cikin 100 a shafin Rotten Tomatoes daga sharhi fiye da 100. Wannan adadi yana nufin kowane mai sharhi ya ga fim ɗin ya yi kyau ne, ba wai kowa ya ba shi cikakken maki ba. A Metacritic, inda ake ɗaukar matsakaicin maki, 72 ya samu.

Abin da aka fi yabawa shi ne yadda Weekes ya warware tsohuwar tambayar da ake yi wa irin waɗannan fina-finai, wato me zai hana mutanen gidan su kwashe kayansu su gudu. Bol da Rial ba su da wannan damar, domin barin gidan na iya jawo a mayar da su inda suka baro. An kuma yaba da yadda makoki ya raba kan ma'auratan. Bol yana so ya manta, ya ƙona kayan da suka zo da su, yana cin abinci da cokali, ita kuwa Rial ta ƙi sakin harshenta da matattunta.

Daga baya labarin ya bayyana cewa Nyagak ba 'yarsu ba ce. Bol ne ya ɗauke ta a cikin turmutsutsu, ya raba ta da mahaifiyarta, don a ba su wuri a motar da ke kwashe masu yara. Daga nan baƙin cikin rashi ya koma nauyin laifi, kuma mai kallo ya gane dalilin da ya sa gidan bai bar su sun runtsa ba. Suka kaɗan da aka yi ta fi karkata ga yawan razanarwa ta ba-zata, wadda wasu suka ga ba ta kai ƙarfin wuraren da babu dodo a cikinsu ba, kamar inda Rial ta ɓata a unguwa wasu samari baƙaƙen fata 'yan Ingila suka yi mata ba'a suka ce ta koma Afirka.

Kyaututtuka

A gasar British Independent Film Awards an zaɓi fim ɗin a rukuni 16, ya ci 4, ciki har da gwarzon darakta ga Weekes da gwarzuwar jaruma ga Mosaku. A BAFTA ta 2021 Weekes ya karɓi kyautar fitaccen aikin farko na ɗan Birtaniya, Mosaku kuma ta shiga jerin 'yan takarar babbar jaruma.