Mai Jawabi, Ba A Fafe Gora Ranar Tafiya

A cikin watan Agusta na 1950 wani malamin makaranta daga Bauchi, Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya miƙe a Majalisar Arewa a Kaduna, ya nemi a gyara tsarin mulkin En'e. Magana ce mai nauyi ƙwarai, domin ta taɓa sarakuna. Amma ya jera hujjojinsa daki-daki cikin natsuwa, har majalisa ta karɓi ƙudurinsa. Bayan shekara 10, ran 7 ga Oktoba 1960, shi ne ya yi jawabi da sunan Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya.

To, malamin da ke Gagarawa ko Sule Tankarkar ba majalisa zai tsaya wa ba, iyayen yara ne a ƙofar gidan dagaci. Duk da haka abin da ke kansa ba ƙarami ba ne. In jawabinsa ya shiga, aji ya cika. In ya faɗi, yara su bi dabbobi daji, 'yan mata su ɗauki talla.

Mun taɓa halartar irin wannan taro a wani ƙauye na ƙasar Gumel. Shugaban makaranta, mutumin kirki, ya zaro takarda shafi 4 ya dinga karantawa, kansa a sunkuye, rabi Hausa rabi Turanci. Kafin ya kai shafi na uku aka kira la'asar, jama'a suka watse. Abin da ya tara su dominsa, watau a kawo yara a rubuta su, yana can shafi na ƙarshe, ba wanda ya ji shi.

Saboda haka abin da muke faɗa wa ɗalibanmu masu koyon malanta shi ne, kafin ka ɗauki alƙalami ka tambayi kanka: me nake so mutanen nan su yi idan sun tashi? In ba ka iya amsawa da jimla guda ba, ba ka shirya ba tukuna. Wannan jimla ita za ka faɗa da fari, ka kawo mata hujja biyu ko uku, ka kuma rufe da ita.

Hujjojin kuwa ka ɗebo su daga gona da kasuwa. Kada ka ce wa manomi ilimi ginshiƙin ci gaba ne, ya sha jin haka. Ce masa yaron da ya iya lissafi ba a ƙwarar ubansa wajen awon riɗi. Nan take zai gyara zama.

Lokaci ma sai an duba. Wanda ya kira taro ran Alhamis, ranar da kasuwar Maigatari ke ci, ko da hantsi a tsakiyar damina, shi da tabarmi zai zauna.

Ranar taro ka gai da manya bisa matsayinsu, hakimi da dagaci da liman, amma kada gaisuwa ta cinye jawabi. Riƙe 'yar takarda mai kanun magana kaɗai, ka ɗaga kai, ka yi magana yadda tsohon da ke can baya zai ji. In gabanka na faɗuwa, ba abin kunya ba ne. Maganinsa ka gwada jawabin da ƙarfi a gida, abokin aiki na saurare. Ka tuna magana zarar bunu ce, kada ka yi alkawarin littattafai ko kujeru da ba ka tabbata za su zo ba.

Malaman ofis na ƙananan hukumomi, ku ma wannan ya shafe ku, ko kan haraji za ku yi bayani ko kan rigakafi. Ku gama tun jama'a na son ƙari. Allah ya sa mu dace, amin.